Takalmin Sule da Gauraki Biyu

Ranar Juma'a, saura kwana takwas sojoji su miƙa mulki ga farar hula, Alhaji Abbas ya dawo daga masallaci ya tarar da bayan gidansa shiru. Gauraki biyu da suka shekara goma sha bakwai a hannunsa, masu taku a ƙarƙashin mangwaronsa, sun yi ɓatan dabo. Ƙaramar ƙofar baya, wadda ke fita gonaki, tana a buɗe. A gefen famfo kuma ga takalmin Sule mai gadi, irin wanda ake yankowa daga tayar mota, caɓe-caɓe da ɗanyen taɓo.

Kafin la'asar labari ya gama layin nan na GRA. Masu gadin maƙwabta da direbobi suka taru a bakin ƙofa, kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce dama bai taɓa yarda da idon Sule ba. Wani ya ce mutanen ƙauye ai ba sa ganin tsuntsu su ƙyale. Wanda ya sha shayi da Sule da safiyar ranar ma sai da ya gyaɗa kai.

Alhaji Abbas babban sakatare ne a wata ma'aikata, kuma mutum ne mai son a bi komai daki-daki. Ya sa aka zaunar da Sule a ɗakin gadi, ya tura Usman direba Ƙofar Guga ya ɗauko Malam Lawwali mai bin sawu.

Lawwali ya haura sittin. A Dajin Rugu ya girma cikin maharba, har ranar da gwiwarsa ta ƙi, ya shigo birni yana gyaran gatari da fartanya. In an ɓatar da tunkiya ko an haura katanga, shi ake nema. Ba ya saurin magana, kuma in ana yi masa bayani ƙasa yake kallo.

Suka gaisa da Alhaji, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka yi barka da ruwan da aka samu daren jiya. Sannan Alhaji ya ce, "Malam Lawwali, ba tsadarsu ce ta dame ni ba. Na riga na yi wa wani babban mutum a sabuwar gwamnati alkawarinsu. Jibi za a zo ɗauka. Yanzu me zan ce masa?"

"To, ranka ya daɗe, mi kake so in gano? Tsuntsayen ko wanda ya tahi da su?"

"Wanda ya tafi da su ai ga shi can zaune. Tsuntsayen nake so. In aka kira magariba bai faɗi inda ya kai su ba, 'yan sanda zan kira masa."

Lawwali ya ɗaga takalmin da yatsu biyu, ya juya shi. Akwai wata ƙusa a dunduniyar ƙafar hagu, inda aka taɓa gyara igiyar. Ya ajiye shi inda ya ɗauka.

Sule na zaune a kan benci, hannuwa tsakanin cinyoyi. Mutumin wajen Batsari ne, dogo, ƙafarsa kamar faifai.

"Takalminka ne?" in ji Lawwali.

"Nawa ne, Baba."

"Ina kake lokacin sallah?"

"Masallacin Ƙofar Marusa. Ranar Juma'a sawu-ciki nake sakawa, wanga in bar shi bakin famfo. Kowa ya sani."

"Wa ya gan ka can?"

"Allah ya gan ni. Na makara, a waje na samu sahu."

"Da ka dawo ka ga taɓo a takalminka, mi ka raya a ranka?"

Sule ya dubi ƙofar, ya dubi ƙasa. "Ban raya komi ba."

Lawwali ya san mutumin da ba shi da abin faɗa, ya kuma san wanda ke danne abin faɗa. Bai matsa masa ba.

Usman direba kuwa ba ya bukatar a tambaye shi. "Ni fa ba na son sa baki a maganar mutane, Baba. Amma ranar Talata da idona na gan shi tsaye da Malam Abu mai tarko, suna ƙus-ƙus. Shi ko Malam Abu ko aku ka ajiye a taga sai ya tambaye ka nawa."

"Ka ji abin da suke cewa?"

"Ina cikin mota, gilas a rufe. Amma ai fuska ba ta ƙarya."

"Taka ma?"

Masu gadin da ke leƙe suka yi dariya, Usman ya gyara hula.

Zuwaira, matar Sule, ita ke aikin cikin gida. Idanunta sun kumbura. Ta ce tun ƙarfe ɗaya saura Hajiya ta aike ta niƙa, aka ɗauke wuta, ta yi zaman jira har wajen uku. Ta nuna garin da ke kan gyalenta kamar shi ne zai cece su.

Hajiya Bashira, matar gidan, shugabar wata makarantar 'yan mata ce. Daga bayan labulen falo ta amsa gaisuwa. Ta ce kanta ke ciwo, ta kwanta, ba ta ji komai ba.

"Allah ya ƙara sauƙi. Wa ke ba gaurakin hatsi, Hajiya?" in ji Lawwali.

"Duk wanda ke kusa."

"Allah ya ba da lada."

Da Lawwali ya nufi ƙofar baya, sai ga Alhaji ya fito ya canza babbar riga da 'yar shara da takalmin kambas, riƙe da sanda.

"Da nisa fa, ranka ya daɗe."

"Malam Lawwali, ni da ƙafata na je Durɓi ta Kusheyi na ga kaburburan sarakunan da. Na hau duwatsun Dutsin-Ma tun ana jin kukan gwaggon biri a kansu. Littafi uku na cika da abin da na gani a hanya. Mu je."

Ruwan jiya ya wanke ƙasa, don haka duk abin da ya taka ta tun safe ya bar sa hannunsa. Ga sawun takalmin da ƙusarsa, na tafiya da na dawowa. A gefen na tafiya ga sawun gauraki, yatsu uku-uku a ware. Ba ɗaukarsu aka yi ba, ba kuma kora su aka yi ba. Lokaci-lokaci sai a ga inda suka tsaya suka tsattsage ƙwayar dawa.

"Ka gani? Da dawa ya yaudare su," in ji Alhaji.

Lawwali ya ratse daga kan sawun. Ya karyi kara a gefen gona, ya auna tsakanin taki da taki, ya yi masa alama da farce.

Suka ratsa gonakin da aka gama sharewa ana jiran shuka. Shamuwa sun iso, sun jera a kan wata tsohuwar kuka kamar masu jiran ɗaurin aure. Gawo ya fara zubar da ganye, shi da ke yin tsirara lokacin da sauran itatuwa ke yin ado. Can hagu ga ragowar ganuwa, ruwan shekaru ya cinye ta har ta zama tudun jar ƙasa, awaki na kiwo a kanta. Wani damo ya gilma, ya bar jan wutsiyarsa a kan sawun da suke bi. Alhaji yana tafe yana ba kowane abu sunansa, muryarsa ta saki, kamar ya manta abin da ya fito da shi.

"A fadamar Jibiya muka samo su," in ji shi. "Shekararmu biyu da aure. Lokacin Hajiya na bina ko'ina, mutane na cewa na mai da 'yar malamai makiyayiya. Muka tarar wasu sun kama su ƙanana za su yanka. Ita ta ce ba ta barin wurin sai da su. A cinyarta suka zo Katsina." Ya gyara riƙon sandarsa. "Da can kenan. Yanzu ofis ya cinye ni, ita ma makaranta ta cinye ta."

Bukkar Malam Abu na gindin wata tsamiya, keji-keji a rataye, da hasbiya da kurciya da wasu kanari. Yana ganin su ya miƙe.

"Lale da manyan baƙi! Lawwali, kai ne yau da rana tsaka? Wa ya ɓata?"

"Gauraki biyu. An ce kun yi ƙus-ƙus da Sule ran Talata."

"Ƙus-ƙus! Maganin ɓera ya tambaye ni, ya ce sun hana matarshi barci. Ni in sayi gaurakin gidan gwamnati? In ɓoye su ina, cikin hula? Kukansu kaɗai sai ya tara mani unguwa."

"Ba ka ga kowa ya wuce ba?"

"Ina masallaci. Ko ka ɗauka masu tarko ba su sallah?"

Lawwali ya zaga bukkar. Sawun bai karkata wajenta ba ko da taki ɗaya. Ya wuce ta nesa, ya gangara rafi.

A nan Lawwali ya daɗe. Rafin ɗan ƙarami ne, ruwa iya idon sawu, amma yashin bakinsa lallausa ne, yana riƙe komai. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo. A kowane sawu gaban takalmin ya nutse, dunduniyar kuwa da ƙyar ta taɓa ƙasa, ƙusar ma jan layi take yi maimakon ta huda. Ya ɗora karansa. Tun daga gida takin gajere ne, bai taɓa wuce alamar farcen ba. Amma taki huɗu kafin ruwa sai ya buɗe, ya yi tsawo, har aka haye. Taki uku bayan nan akwai inda aka tsaya da ƙafa biyu a jere. Daga nan ya koma gajere.

"Ka ga wani abu?" in ji Alhaji.

"Na ga yashi."

Kafin Alhaji ya sake magana sai kukan gauraka ya zo daga gabas, mai kauri, kamar an busa ƙaho sau biyu. Wani ya amsa.

"Lambun wa ke can?" in ji Lawwali.

"Na surukina marigayi. Mahaifin Hajiya." Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Ka ji munafuki! A can Sule ya fara aiki kafin mu ɗauko shi gadi. Ya san babu kowa ranar Juma'a."

Suka sami gaurakin a bakin tafkin lambun, tsakanin gwaiba da lemun tsami. Namijin ya buɗe fukafukai yana tsalle, tukkunsa na zinariya yana rawa a hasken yamma, macen na sunkuyar da wuya tana zaga shi. Balbelu sun ja gefe sun ba su fili. An ajiye masu dawa a wata tsohuwar tasa, a inuwa, an kuma tokare ƙofar lambun da dutse daga waje.

Alhaji ya tsaya yana kallo. "Rabon da in ga sun yi wannan rawar har na manta," in ji shi a hankali. Sannan ya gyara murya. "Ya ɓoye su ne kafin ya sami mai saye. Mu koma."

"Mu koma. Amma ina roƙon abu guda, ranka ya daɗe. Kafin ka kira kowa, a tara mani mutanen gidan a bayan gida."

Rana ta yi ja lokacin da suka taru a gindin mangwaro. Sule da Zuwaira a tsugune, Usman a jingine da bango, Hajiya Bashira tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ja mayafi har goshi. Masu gadin maƙwabta aka hana su shigowa, suka yi cirko-cirko a bakin babbar ƙofa.

Lawwali ya sa aka watsa bokitin ruwa a kan yashin da ke gefen famfo. "Sule, saka takalminka ka taka nan."

Sule ya taka. Dunduniyarsa ta nutse, ƙusar ta huda rami. Lawwali ya ɗora karan, takin ya wuce alamar farcen da kusan tafin hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ka ga sawun da muka bi. Takalmin wanga ne, amma ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Gaba take dannawa, baya na jan ƙasa. Takin kuma gajere, don akwai abin da ke riƙe ƙafafun. A bakin rafi ya buɗe, saboda an tattare zani kada ya jiƙe. An haye, aka tsaya aka sake shi. Namiji mai wando ba ya da abin tattarewa."

Usman ya sauke ƙafarsa daga bango.

"Mace?" in ji Alhaji. Ya juya a hankali ya dubi Zuwaira. "To, ai shi kenan. Shi ya tsara, matarsa ta kai. Su biyun za su tafi."

Zuwaira ta ɗora hannu a ka. "Wallahi Alhaji ina wurin niƙa! A tambayi mai injin!"

"Malam Lawwali, ita ce ko ba ita ba ce?"

"Ni ƙasa nake karantawa, ranka ya daɗe. Ƙasa ba ta rubuta suna."

Ya faɗi haka yana kallon karansa. Akwai mata biyu a gidan, kuma bai ga dalilin da zai sa bakinsa ya riga na mai abin ba. Ya ba ta lokacin da za a ɗauka a karanta Fatiha. In ba ta yi magana ba, zai ce a kawo takalmin kowace.

"Ni ce, Alhaji."

Hajiya Bashira ta sauko daga dakalin kicin. A ƙasan zaninta akwai busasshen taɓo da ba a gama kakkaɓewa ba.

"Ni na aiki Zuwaira don kada ta gani. Na fito na ga ƙasa ta jiƙe, nawa takalman duk masu tsini ne, na zura wanda na gani a bakin famfo kamar yadda kowa ke yi. Ban kawo komai a raina ba. Da na ji ka ambaci 'yan sanda sai bakina ya mutu. Tun azahar nake cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa."

"Ke? Bashira, kin san wa na yi wa alkawari?"

"Na sani. A bakin Usman na ji, ba a bakinka ba."

Usman ya sami wani abu a farcensa da ke bukatar dubawa.

"Sau nawa ana canza gwamnati muna tare da tsuntsayen nan," in ji Hajiya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Duk gidan da aka mai da mu, a cinyata suke tafiya. Ka ba da mota in kana so, ka ba da kujerun falo. Waɗannan ba naka kai kaɗai ba ne da za ka kai su gidan da za a ɗaure su a nuna wa baƙi. Kujerar ofis ɗin in ta tafi, ta tafi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya dubi takalmin kambas ɗin da ke ƙafarsa, wanda taɓon hanya ɗaya ya ɓata da zanin matarsa. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A bar su a lambun. Zan san abin da zan ce masa."

Hajiya ta juya wajen Sule. "Malam Sule, ka yafe mini. Kai da Zuwaira."

"Na yafe, Hajiya. Tun da na ga inda aka aje takalmin, baki na kallon kicin, na gane. Ni ban aje shi haka."

"Ka sani ka yi shiru?" in ji Alhaji.

"Da wane baki zan ce matar gida, ranka ya daɗe? Wa zai yarda?"

Aka fara kiran magariba daga masallacin layin. Alhaji ya ja numfashi. "To, magana ta wuce. Sule, koma bakin aikinka."

Sule bai nufi ƙofa ba. Ya miƙe dai tsaye, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Ina jin ka."

"A bakin ƙofa ka ce mani ɓarawo, mutane na ji. Yanzu nan bayan gida ne, mu shida. In na koma bencin can, su ba su san komi ba. Gobe ɗiyana za su bi ta layin ga su tahi makarantar allo."

"Me kake so in ce masu? In ce matata ce?"

"A'a. Wanga tsakaninku ne. Ka ce ba ni ba ne."

Lawwali ya jefar da karan, ya bi bayansu a hankali saboda gwiwa. A bakin ƙofa mutanen na nan, wasu sun fara nannaɗe hannun riga don alwala. Alhaji Abbas ya tsaya a gabansu, Sule a gefensa ya fi shi tsawo da kai guda.

"Jama'a, an ga tsuntsaye," in ji shi. "Sule bai taɓa su ba. Ni na yi gaggawa, na ɗora masa abin da bai yi ba. A gabanku na faɗa, a gabanku nake janyewa. Sule, ka yi haƙuri."

"Ya wuce, ranka ya daɗe."

"To wa ya ɗauka, Alhaji?" wani ya tambaya daga baya.

Sule ya mai da hularsa, ya karɓi buta daga hannun mai tambayar. "Ka ji an tada sallah," in ji shi. "Matsa in yi alwala."